Ba Sunansa Aboki Ba

Ranar wata Asabar da la'asar ina zaune a ƙofar gida ina jiran rana ta ɗan yi sanyi, sai ga dattijon nan mai kawo mana ruwa ya turo kurarsa, jarkoki cike, gumi na zuba. Duk wanda ke layinmu ya san shi. Gemunsa fari fat, kuma tun kafin a haƙa rijiyar burtsatsen masallaci shi ke shayar da rabin unguwar nan. Yana isowa sai na ji murya daga cikin gidana, da Turanci, da ƙarfi: "Aboki! Aboki, come!" Na waiga. Ɗana ne, ɗan shekara tara, wanda ni na yi masa huɗuba a kunne, ni na yanka masa rago. Abin da ya fi yi mini ciwo kuwa, dattijon ko ɗaga kai bai yi ba. Cewa ya yi "Na'am," ya sunkuya ya ɗauki jarka biyu ya nufi soro. Ya saba.

Da ya tafi na kira yaron. Ban dake shi ba, tambayarsa na yi. Na ce, "Mene ne aboki?" Ya ce, "Baba, mai ruwa mana. Ko mai gadi, ko mai wankin takalmi." Na ce, "To wanda kuke zama benci ɗaya a makaranta, kuke cin abinci tare, shi fa?" Ya yi dariya ya ce, "Wannan ai friend ɗina ne." Jama'a ku ji fa. Ɗan Bahaushe, uwa Bahaushiya, a gidan da ake tuwo da miyar kuka, kalmomi biyu ke cikin kansa: ta Turanci ya ajiye wa wanda yake ƙauna, ta Hausa ya ajiye wa wanda ake aika. Kuma ba ƙarya ya yi ba. Abin da kalmar ke nufi a bakin mutanen garin nan ya faɗa mini, daidai yadda ya ji ta a makaranta da cikin mota da bakin get ɗin gidajen masu kuɗi.

Da dare na kai maganar majalisa, ina tsammanin za a taya ni jin haushi. Ina! Wani ɗan bokonmu, mutumin kirki ne kuma muna shiri, ya ajiye kofin shayi ya ce, "Haba Malam, kai ma dai da neman magana. Aboki ai ma'anarsa friend. Mutum ya ce maka masoyinsa, ka ce ya zage ka? Ka duba asalin kalmar mana." Mutum uku suka gyaɗa kai. Wannan hujjar na sha jin ta, a rediyo na ji ta, a Facebook na gan ta, har daga bakin waɗanda suke kiran namu hakan na ji ta: in ka nuna ɓacin rai sai a ce maka, ai yarenku ne, ai abu mai kyau yake nufi. Ita nake so in yi wa tsirara a shafin nan, domin ta daɗe tana rufe mana baki.

Mu fara da Hausar kanta. Wane Bahaushe ne yake tsayar da baƙo a hanya ya ce masa "aboki" tsurarta? Mu "abokina" muke cewa. Wannan 'yar "na" ɗin da ke ƙarshe ita ce duk maganar, domin ita ke ɗaura ni da kai, ta ce ni da kai ɗaya muke. Kalmar a wurinmu kullum tana neman abin da za ta jingina da shi: abokin tafiya, abokin aiki, abokin ciniki, abokin shawara. Kishiya, don a sassauta, abokiyar zama ake ce mata. Akwai abokan wasa, irin Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarabawa, waɗanda za su yi ta tsokanar juna ba mai fushi, domin kowa na da damar ramawa. Kai, har wanda kuke faɗa da shi Bahaushe abokin gaba yake ce masa, wato ko a ƙiyayya ya yarda tsaranka ne. Duk inda kalmar ta je a Hausa, mutum biyu take nunawa masu tsayi ɗaya.

Ba wuya a ga yadda ta tsallaka. Kakanninmu fatake da mahauta da 'yan koli sun sauka Ibadan da Legas da Anacha da Kumasi, ba su jin yaren gari, masu gari ba sa jin nasu. Mai tsire ya ga mai saye, ya yi masa fara'a, ya ce "abokina, zo mana." Mai saye ya ji kalmar sau ɗari, sai ya mayar da ita sunan mai faɗar ta. A hanya 'yar "na" ɗin ta faɗi. Da ta faɗi, zumuncin ya tafi da ita, aka bar lakabi. Daga sunan mai tsire ta zama sunan duk mai doguwar riga da hula, daga nan ta zama sunan sana'o'in da ake rainawa, daga nan kuma ta kai inda take yau, inda ɗan Kudu zai ce wa ɗan'uwansa ɗan Kudu "kai aboki ne?" idan ya yi wauta ko an cuce shi a ciniki. Ku tsaya a nan ku yi tunani. In da ma'anarta masoyi ce, yaya za a yi ta zama abin da ake gorantawa wanda ya yi shirme?

Tunda ɗan bokon namu ƙamus ya jawo, to mu shiga Turancin da yake taƙama da shi, domin babu harshen da ya fi shi nuna cewa asalin kalma ba ya wanke ta. Duk mai kallon fim ya san "villain", wato mugun cikin labari, wanda yaranmu ke kira bos. Asalinta daga Latin ne ta hanyar Faransanci, kuma abin da take nufi tun farko shi ne manomin da ke aiki a gonar mai gida, ɗan ƙauye kawai. Masu gari suka yi ta faɗar ta da yatsina har ta tashi daga manomi ta koma azzalumi. Je ka Landan yau ka ce wa mutum "villain", in ya taso maka ka ce ai manomi kake nufi. Kalmar "slave", bawa, sunan wata al'umma ce sukutum, Silabawan gabashin Turai, waɗanda aka yi ta kamawa ana sayarwa a zamanin da har sunansu ya zama sunan bauta. "Barbarian", wato mara wayewa, Girkawa ne suka ƙirƙiro ta suna kwaikwayon yadda maganar baƙi ke faɗa musu a kunne, bar-bar-bar. A Ingila, daga wajen shekarun 1960, 'yan iskan gari suka gutsure sunan ƙasar Pakistan suka mayar da guntun abin jifan duk mutumin da ya fito daga yankin Indiya, har da dukan da ke biyo baya. Farkon sunan ƙasar kuwa tsarki yake nufi a harshensu. Yau ko a gidan talabijin ba a faɗar wannan guntuwar kalma sai an nemi afuwa, kuma ban taɓa jin wanda ya kare kansa da cewa ai tsarki yake nufi ba.

Wadda ta fi kusa da mu ita ce "boy". Yaro, shi ke nan, me ya fi wannan tsabta? Amma Turawan mulkin mallaka da ita suke kiran magidanci mai 'ya'ya biyar da ke yi musu shara da guga, har muka karɓe ta muka ce boyi, muka ce boyi-boyi. A Amurka da ita farar fata ke kiran baƙin mutum ko da ya yi jika da shi. Kowa ya san ma'anarta a ƙamus, kuma kowa ya san abin da ake nufi. Dattijon da ɗana ya kira, abin da aka yi wa kakanninmu a barikin Turawa shi aka yi masa, sai dai wannan karon da kalmarmu aka yi, kuma a bakin jininmu.

Tafiyar takan juya ta ɗaya gefen ma, don kada a ce na zaɓi masu daɗi. "Nice" da muke jin daɗi in an ce mana, shekara ɗari bakwai da suka wuce wawa take nufi, daga kalmar Latin mai nufin wanda bai sani ba. "Guy" kuwa sunan mutum ne, Guy Fawkes, wanda aka kama a 1605 yana shirin tayar da majalisar dokokin Ingila da albarushi. Duk shekara sai a ɗinka mutum-mutuminsa da tsummoki a ƙona, har kalmar ta zama sunan mai mummunar shiga, daga baya a Amurka ta zama mutum kawai, ta iso mana muka ce gaye, muka ce 'yan gayu. Wato ɗan gayen da ke fesa turare a bakin titi, sunan tsumma yake ɗauke da shi bai sani ba. To wa zai yi fushi don an ce masa "nice"? Babu, domin ba wanda ke nufin wawa da ita yau. Awon ɗaya ne a duka ɓangarorin: abin da bakin yau ke nufi.

Kada a ɗauka raina ilmin asalin kalmomi nake yi. Ina son sa ƙwarai, kuma yana da masanansa. Shekara da shekaru ana gaya mana "boko" daga "book" ta fito, har jaridun duniya suka haddace, sai Farfesa Paul Newman, wanda ya rubuta nahawun Hausa da ƙamusunta, ya fitar da takarda a 2013 ya nuna kalmar tamu ce tun asali, mai nufin abin bogi ko yaudara, irin amaryar boko da ake sa wa lulluɓi a ranar kai amarya. Irin wannan bincike yana ƙara wa mutum sani. Abin da na ƙi shi ne a ɗauko tarihin kalma a mayar da shi sabulun wanke zagi.

Masu ƙamus ɗin kansu ba haka suke aiki ba. A watan Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya. A ciki akwai "Kannywood", akwai "okada", wadda ta samo suna daga kamfanin jirgin sama na Okada Air, mu kuma muke ce wa acaɓa. Akwai "buka", wadda tushenta bukkarmu ce, amma a ƙamus ɗin ba ɗakin kara da ciyawa take nufi ba, gidan sayar da abinci ne na bakin hanya. Akwai ma "non-indigene", wanda ba ɗan asalin wuri ba, kalmar da duk mazaunin unguwar nan ya san ɗacinta ranar neman gurbin karatu ko aiki. A farkon 2025 aka sanar da ƙarin wasu 20, har da "japa" da "419" da "suya". Ku duba wannan ta ƙarshen. A Hausa suya aikin soyawa ne, da mai, a kasko. Naman da ake tsirewa a tsinke a gasa a bakin wuta tsire muke ce masa, ga balangu, ga kilishi, kowanne da sunansa. Amma duniya ta ce suya, ƙamus ya rubuta suya, ba wanda ya zo Kano ya nemi izini. Aikin mai ƙamus shi ne ya tattara yadda mutane ke amfani da kalma a jaridu da littattafai da intanet, ya rubuta abin da ya gani. Saboda haka duk ƙamusun da zai fassara "aboki" a matsayin kalmar Turancin ƙasar nan, ba Hausar kakata zai rubuta ba. Abin da ɗana ya faɗa mini zai rubuta, ya ƙara da 'yar alamar nan da suke sakawa cewa kalmar raini ce.

Ba ita kaɗai aka yi wa haka ba. Malam daga mu'allim take, mai koyarwa, kalmar da mutum ke shekara ashirin a gaban allo da littattafai kafin ya cancance ta. A Turancin titi "mallam" shi ne mai kanti a bakin get ko mai canjin kuɗi. Almajiri daga almuhajir take, wanda ya bar gida don neman ilmi, sunan da manyan malamai ke kiran kansu da shi don tawali'u. A jaridun Turanci yaro ne mai roba a hannu da tsumma a jiki, ba wani abu ba. A wannan ta biyun kam, in ɓera da sata daddawa ma da wari, domin mu muka sako yaran a titi. Kalmomin da ba su shafi mutum ba kuwa lafiya lau suka tsallaka: wahala tana nan wahalarta a Buroka, "shikena" tana nan shi ke nan, waken Gana da suke rubutawa "waakye" yana nan wake. Waɗanda ke nuna mu, mu mutanen, su ne suka lalace a hanya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ba kuskuren fassara ba ne.

Akwai masu cewa a rungumi kalmar a yi alfahari da ita, ai ta zama tambari. Suna kawo waƙar da Ice Prince, mawaƙin nan ɗan Jos, ya fitar a 2012 mai wannan suna, wadda ta yi tashe ƙwarai. Suna kawo shafin AbokiFX da ya riƙa wallafa farashin dala na kasuwar bayan fage, har gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya taso masa a Satumbar 2021. Suna cewa ga 'yan canjinmu na Wuse Zone 4, ana ce musu aboki suna juya miliyoyi. Na ji. To ga gwaji mai sauƙi. A garin nan akwai ministoci 'yan Arewa, da manyan sakatarori, da alƙalai, da janar-janar. Wa ya taɓa shiga ofishin ɗayansu ya ce "Aboki, sa mini hannu a takardar nan"? Wa ya taɓa ce wa Aliko Dangote haka a gabansa? A can "Sir" ake cewa, a ce "Alhaji", a ce "Your Excellency", har da rusunawa. Kalmar ƙasa kawai take gangarawa, kan mai kura da mai gadi da ɗan acaɓa da baban bola. Shi ya sa manyanmu ba su damu da ita ba, kuma shi ya sa ɗan bokon majalisarmu, mai kwat da katin aiki a wuya, yake ganin neman magana nake yi. Ba a taɓa kiransa da ita a gaban 'ya'yansa ba.

Wani zai ce, to magana ce kawai, ba ta fasa kai. Ni ma ban ce kalma ce ke kisa ba. Abin da take yi shi ne ta cire wa mutum suna, ta mayar da dubban mutane abu guda, yadda in an taɓa ɗaya ba a jin an taɓa wani ɗan wani. Mazauna garin nan ba su manta da Apo ba. A Satumbar 2013 jami'an tsaro suka buɗe wuta da dare kan mutanen da ke kwana a wani kango, akasarinsu 'yan Keke Napep da 'yan ci-rani, aka ce 'yan Boko Haram ne. Sai a shekarar da ta biyo baya Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta bincika ta ce babu hujjar hakan, ta ba da umarnin a biya diyya. A Maris ɗin 2025, a Uromi ta jihar Edo, aka tare mafarauta 16 da ke kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano don yin salla a gida, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe su, aka cinna wuta. Kowannensu yana da suna, yana da uwa, yana da ƙauyen da aka yi zaman makoki. Kafin taron mutane ya yarda cikin minti biyar cewa baƙon da bai taɓa gani ba mugu ne, sai an shekara ana koya masa cewa irin waɗannan ba mutane ɗai-ɗai ba ne, tari ne mai suna ɗaya. A bakin get ake fara wannan karatun, da 'yar kalma mai daɗin asali.

Yanzu kuma in juyo gida, domin laifi tudu ne, kuma na san a nan wasu za su ajiye mujallar. Ƙasar da muke zaune a kanta ta wace ce? Gaskiya ne sunan birnin namu ne: Abu Ja, ɗan gidan sarautar Zazzau, shi ya kafa garin Abuja a 1828, kuma da gwamnatin Murtala ta yanke wannan yanki a 1976 aka ɗauko sunan aka ba sabon birni, tsohon garin ya koma Suleja. Amma gonakin da aka shimfiɗa Wuse da Maitama da Garki a kai, akasarinsu na mutanen da ke kiran kansu Gbagyi ne, tare da Koro da Gade da Gwandara da sauransu. An tashe su daga kufan kakanninsu, wasu aka kai su Sabon Wuse, wasu Kubwa. Mu kuma me muke ce musu? Gwari. To wannan suna ne, an daɗe da shi, wasunsu ma ba sa ƙin sa. Amma ku dubi abin da muka yi da shi. Wanda bai iya magana ba, gwaranci yake yi. In muna so a yi mana bayani irin na wanda kansa ba ya ja, sai mu ce a yi mana gwari-gwari. In yaro ya yi wauta, sau nawa muka ji an ce masa "kai Bagwari ne?" Wallahi layi ɗaya ne da "kai aboki ne?", ko harafi bai bambanta ba. Abin da Girkawa suka yi da bar-bar ɗinsu, shi muka yi. Alhali hoton Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da duniya ta san da ita, 'yar wannan ƙabila, yana cikin aljihun kowannenmu a bayan naira ashirin, kuma doyar da muke ci daga kafaɗar matansu take sauka.

Haka Inyamiri. Asalinta maganar Ibo ce mai nufin "ba ni ruwa". In hujjar ɗan bokonmu ta tsaya, sai mu ce ai ba zagi ba ne, roƙon ruwa ne kawai, me ya fi ruwa tsarki? Amma je ka kasuwar Dei-Dei ka faɗa wa mai sayar da katako ita a fuskarsa ka ga yadda idonsa zai canza. Ya san yadda muke faɗar ta, kamar yadda muka san yadda yake faɗar tasa. Yadda ta samu ma iri ɗaya ne da tamu: an ji baƙo yana yawan faɗar wata kalma, aka mayar da ita sunansa. Ban kawo arne ba, ban kawo "ƙabila" da muke faɗa kamar mu ba ƙabila ba ne. Duk wanda zai taya ni faɗa a kan aboki amma ya ƙi sakin waɗannan, ya zauna abinsa, ba na bukatar gudummawarsa. Ba zan je gaban maƙwabcina in ce ya gyara bakinsa nawa yana wari ba.

Na san abin da 'yan kasuwarmu za su ce, kuma ba zan raina shi ba. Mai kura da ya tsaya gardamar suna, wani zai sayar da ruwan. Mai gadi da ya ce wa matar gida kada ta ƙara kiransa haka, wataƙila daren nan a titi zai kwana. Ba a ce wa mai neman na tuwo ya yi jarumtar da za ta hana 'ya'yansa cin abinci. Don haka ba a kansu nauyin yake ba. Yana kan mu da ba za a kora ba: malamin makaranta, ma'aikacin ofis, direban da motarsa tasa ce, mai shago, limami, mai unguwa. In aka faɗe ta a gabanka, ko ba da kai ake ba, ka ce cikin ruwan sanyi, "Yana da suna, bari in tambayar maka." Na gwada wannan a wurin aiki fiye da sau ɗaya. Ba a taɓa yin faɗa ba. Yawanci kunya ce ke kama mutum, wasu ma da gaske ba su taɓa tunanin abin ba, tun suna yara suka taso suka ji ana faɗa. Iyaye kuma da ke biyan kuɗin makaranta masu tsada, kuna da baki a taron iyaye da malamai. Yadda makarantun nan ke hukunta yaron da ya yi ashar, su sa wannan ma a layi. Masu wa'azin Juma'a da ke unguwar nan sun san hanin da Alƙur'ani ya yi a Suratul Hujurat game da jifan juna da miyagun laƙubba fiye da ni. Ina roƙon su, ranar da za su karanta mana shi, su ambaci aboki, su ambaci Inyamiri da gwaranci a huɗuba ɗaya, kada su tsallake ko ɗaya.

Amma kafin makaranta da masallaci, gida. Mu da muke alfahari yaranmu sun iya Turanci kamar 'ya'yan Turawa, muna tafa musu in sun karya harshe, mun taɓa zama mun ji me suke faɗa da shi? Ni ban taɓa ba sai ranar Asabar ɗin nan. Yaron da ya tashi yana jin cewa kalmar yarensu ita ce sunan wanda ake rainawa, wata rana kunyar yaren zai ji, daga nan ya ji kunyar hular ubansa. Na ga samarin da ke sauya murya in sun shiga manyan kantunan cikin gari don kada a gane daga inda suka fito.

Washegari da dattijon ya dawo na sa yaron ya fita ya karɓi jarka ɗaya daga hannunsa, ya durƙusa ya gaishe shi da Hausa, ya ce masa Baba, sannan ya tambaye shi sunansa da garinsu. Tsohon ya yi ta dariya yana cewa a bar yaro, ai ba komai. Ya faɗi sunan, ya faɗi garin, wani ƙauye ne a Jigawa. Ni kaina, shekara goma yana shigo mini gida, sai ranar na san sunan garin nasu. Jarkar ta fi ƙarfin yaron, rabin ruwan a soro ya zube, na biya kuɗin duka.